MAS'ALAR ƊAN ZAKARA DA KAZA GUDA A BAYAN ƊAKI

 Ina so in yi magana a kan wata 'yar mas'ala wadda mai ji zai ce ba ta kai a ɓata tawada dominta ba, alhali kuwa tana cin dukiyar talakawa a ɓoye a ƙasarmu ta Madobi, da wajen maƙwabtanmu na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ita ce al'adar nan ta mutum ya tashi fara kiwo da ɗan abin da ya samu, ya tafi kasuwa ya sayo ɗan zakara ƙarami da kaza guda, ya ce ya sayo miji da mata, ya kawo gida ya danƙa wa uwargida ko yaro, a zuba su akurki ɗaya ana jiran albarka. Kafin wata 3 sai a ga gadon bayan kazar ya zama fili ba gashi, ƙeyarta ta yi sanƙo, ta rame, ta bar ƙwai. Sa'an nan a shiga neman mai laifi. Wani ya ce kazar ce ba ta da iri mai kyau, wani ya ce baki ne ya kama ta, wani ya ce mai sayarwa ya yi algus. Ku sani lissafin ne ya karkace tun a kasuwa, ran da aka ƙidaya zakara ɗaya ga kaza ɗaya.

Mai tambaya zai ce, to, ai haka iyayenmu suka yi, ba mu kuwa ji sun koka ba. Gaskiya ne, amma gidan da suka yi kiwo a ciki ya sake. A zamaninsu danga ce ta kara ko zana, kaji su ratsa ta inda suka so, su yini a juji da gindin rumbu da bayan gari. Zakara yana da ubangiji ɗaya, amma aikinsa na unguwa ne duka, don in gari ya waye zai sami kajin gida 5 ko 6 yana kewayawa a tsakaninsu, kazar gidansu kuwa ta sha iska. Da kaka ta wuce gonaki sun zama fili har damina ta kewayo, ba wanda zai yi ƙarar kaza.

Wannan hali ya fara juyawa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka haƙa magudanan ruwa suka bi ta Kadawa da Kura da Bunkure, daga baya Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin. Inda magudanan ba su kai ba, injin ban ruwa ya kai, a bakin kogi da fadamu. Yau ƙasa ba ta hutawa. A cire shinkafa a sa alkama ko tumatir ko albasa ko masara, shuka ta matso har jikin katangar gari, ko'ina ga shanyar shinkafa da ta tumatir, ga feshin magani ba rani ba damina. Danga kuma ta koma bulo da ƙofar ƙarfe. Saboda haka mai kaza ya zama tilas ya tsare ta, ko don gudun faɗa da maƙwabci, ko don gudun guba, ko don ɓarayi. To, ran da aka rufe ƙofa, ɗan zakaran nan da Allah ya halitta domin garke ya wayi gari ba shi da kowa sai kaza guda, ita kuma ba ta da wurin gudu.

Asalin kajinmu duka wata jar kazar daji ce da ke cikin kurmin ƙasashen Indiya da Bama da Tailan har yau, kuma a can ma galibi namiji ɗaya ake gani da mata da dama. Masana kiwon kaji sun ƙidaya, sun ce zakara mai lafiya yana hawan kaza sau 10 zuwa 30 a yini, mafi yawa daga la'asar zuwa almuru. In kaji 10 ne, kowace ta ɗauki rabonta kaɗan, ba abin da zai same ta. In guda ce, duk nata ne. Kowane hawa kuwa sai ya kama gashin ƙeyarta da baki, ya kafa farata a gadon bayanta, ƙaiminsa yana gogar gefenta ƙarƙashin fiffike. Da farko gashi ne zai kakkarye, sa'an nan fata ta fito fili rana ta dinga dukanta, sa'an nan ta tsage. Mugun raunin shi ne na ƙarƙashin fiffike, don ba a ganinsa sai an ɗaga, sau da yawa kuwa ba mai ɗagawa sai ƙuda ya riga ya yi aikinsa. Kaza mai wannan hali za ka gan ta tana laɓewa a lungu, ko ta hau bisa ta ƙi sauka, ta ƙi zuwa wurin tsaba don shi yana can, ta haƙura da ruwa a tsakiyar bazara. Wadda ba ta ci ba ta sha ba, ina za ta sami abin yin ƙwai?

Wanda ya tsare dabba ya hana ta neman abincinta da wurin gudunta, haƙƙinta ya hau wuyansa. Malamai ba su bukatar in tuna musu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle.

Yanzu ga inda mutane suka fi ruɗuwa, watau ƙanƙantar zakaran. Suna cewa ai ɗan mitsitsi ne, ba shi da nauyi, ba zai wahalar da ita ba, tsaba kaɗan zai ci. Batun nauyi da tsaba gaskiya ne. Amma ƙaramin zakara ya fi ƙato zafin nama da naci, shi ya sa ma masu gidajen gona suke ba zakara mara nauyi kaji 10 zuwa 12, mai nauyi kuwa su rage masa zuwa 8 ko ƙasa da haka. Ashe ke nan ƙanƙanta ƙarin kaji take bukata. Balle in ya zama saurayi ne a shekararsa ta fari, wanda bai san lallashi ba, bai san ya kira kaza ga tsaba ya ja fiffike ya kewaye ta ba, sai dai ya bi ta da gudu. Shi ne kuwa wanda talaka ya fi saye, don shi ne mai araha. Turawa suna kiran ƙananan kajinsu na ado Bantam, sunan wata tashar jiragen ruwa ce a tsibirin Jawa, ƙasar da alhazai ke gamuwa da mutanenta a Makka, kuma su ma sun shaidi zakarun nan da faɗa da rashin tsoro. Namu ƙanana, da durgu mai gajerun ƙafafu, duk halin ɗaya ne.

Sa'an nan akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutane da yawa, har da masu ilmi, cewa kaza ba ta ƙwai sai da zakara. Ba haka ba ne. Dubi gidajen gonar da ke kewaye da birnin Kano, kaji dubbai a rumfa ɗaya, ba zakara ko guda, kullum ana kwashe kiret-kiret ana kai wa masu shayi. Sagara in ta kai wata 6 ko 7 za ta fara ƙwai, da namiji ko babu. Aikin zakara ɗaya ne a nan, shi ne ya sa ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Wannan ma ba ya bukatar ya tare da ita shekara. Allah ya halitta wa kaza waɗansu 'yan ƙananan ma'ajiyai a cikin hanyar ƙwanta inda take adana ruwan zakara da ransa. Daga kwana na 2 bayan barbara ƙwanta zai fara ɗaukar iri, ya ci gaba haka kwana 7 zuwa 10 ba tare da zakara ya sake kusantarta ba, sa'an nan ya dinga raguwa, wani lokaci har mako 3 ana samun mai iri. Ke nan in kaza ta fara kiran ƙwai, aka aro zakaran maƙwabci, ko aka kai ta wurinsa kwana 2 ko 3 a kowane mako har ta gama zubawa, bukata ta biya.

Fa'ida ga mai son ya tabbatar: in ka fasa ɗanyen ƙwai, duba kan gwaiduwa, za ka ga wani ɗan farin ɗigo. In dunƙulalle ne ƙarami, ba iri. In ya yi faɗi kamar zobe da fili a tsakiya, akwai iri. Wanda ke ƙarƙashin kaza kuwa, ran kwana 7 zuwa 10 da fara kwanci a ɗauke shi da dare a haska shi da tocila cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyi sun bazu a ciki kamar saƙar gizo-gizo, wanda ya fito tas ba komai a cire shi tun bai zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran ba.

Bari mu zo ga lissafi, don 'yan kasuwa ba su karɓar magana sai da shi. Kazar Hausa takan zuba ƙwai 10 zuwa 15, cikin mako 2 ko 3, sa'an nan ta kwanta kwana 21, sa'an nan ta yi renon 'yan tsaki wata 2 ko fiye. Wannan kewaye yana cin kusan wata 4, saboda haka sau 3 take yi a shekara, in ta yi ƙoƙari sau 4, ƙwai 30 zuwa 60 ke nan jimla. A cikin kowane kewaye, makonnin zuba ƙwai kaɗai ake bukatar zakara. In ka tara su ba su fi wata 3 a shekara ba. Sauran wata 9 yana ci ne ba ya biya. Mu ɗauka ɗan zakara a tsare yana cin giram 70 a yini, don ba ya fita ya yi tono. A shekara ya haura kilo 25, watau kimanin kwano 10 na dawa ko masara. Kowa ya san abin da kwano yake a kasuwarsu, sai ya buga ya gani, ya kuma gwada da kuɗin da za a taya zakaran ran jajibere. Da wannan tsabar kaza ta biyu aka ba, da an sami ninkin ƙwai da ninkin 'yan tsaki. Ga kuma wani abu: mai kaza guda jarinsa duka yana kan ƙafa biyu ne. Muzuru ya shigo dare ɗaya, ko ciwo ya buge ta, sai a bar shi da zakara yana cara a kan kufai. Ba a kuwa manta cewa 'yan tsakin da ake ƙyanƙyashewa a ƙauyuka, sau da yawa rabinsu ko fiye ba su kai girma, tsakanin shirwa da shaho da ciwo da sanyin damina.

Don haka ra'ayina a fili yake. Wanda kuɗinsa bai wuce na tsuntsu biyu ba, ya sayi kaji mata biyu, ya bar zakara tukuna. Zakaran zai zo da kansa, don a cikin 'yan tsaki 10 kusan rabi maza ne.

Kada wani ya ɗauka na raina zakara. Yana da aiki a garke wanda kaza ba ta yi. Shi ne mai gadi, idonsa kullum a sama, kukan da yake yi in ya ga shaho dabam yake da wanda yake yi in ya ga abin da ke tafiya a ƙasa, kaji kuwa sun san bambancinsu, na farko su ruga ƙarƙashin rumbu, na biyu su miƙe wuya su duba. In ya tono gara ko tsutsa sai ya kira mata ya bar musu. Yana raba faɗa tsakaninsu. Ga kuma cara, wadda dominta aka hana zaginsa a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, saboda yana tada mutane salla. Shaihu Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808 Hijira, daidai da 1405, ya keɓe masa wuri a littafinsa Hayatul Hayawan, ya ambaci sanin da yake da shi na lokutan dare. Masana na Jami'ar Nagoya a ƙasar Japan sun gwada wannan a 2013. Suka sa zakaru a ɗakin da haskensa ba ya sakewa dare da rana, sai suka ga ba su bar cara a kan lokacinsu ba, kusan kowace awa 24, watau agogon yana cikin jikinsu. A 2015 kuma suka nuna cewa in zakaru suna da yawa, babbansu ne ke fara cara, na ƙasa su bi bisa daraja. Sai dai ladanai su yi hattara, don gwajin ya nuna zakara yana fara cara tun kimanin awa 2 kafin haske, kuma fitila ko carar wani tana tunzura shi. Yanzu da fitilun sola suka cika gari, carar zakara ta isa ta tada mai barci, amma ba ta isa hujjar ketowar alfijir ba.

To, wanda ya ce shi dai yana son zakara a gidansa, don cara ko don sha'awa, ko kuwa an riga an saya, ko kyauta aka yi wa yaro ba halin sayarwa, yaya zai yi? Mafi alheri ya ƙara kaji. In bai iya 8 ba, ko 4 ko 5 sun rage wahala ƙwarai. In wannan bai samu ba, ya raba musu makwanci da wurin yini, ko da da 'yar ragar waya ce ko zana, yadda suna ganin juna suna jin juna, don kaza ma ba ta son kaɗaici, amma ba ya isa gare ta sai ran da aka buɗe. A buɗe kwana 2 ko 3 a mako lokacin da take ƙwai, da yamma. In ta kwanta, ko tana da 'yan tsaki ƙanana, ko tana zubar da gashi, a bar ƙofa a rufe. A sa kaskon ruwa biyu da wurin tsaba biyu nesa da juna. A jingina tsohon kwando ko fasasshiyar randa ko guntun katako a jikin bango inda za ta shige, a gicciya sanda a sama inda za ta hau. A rage tsinin faratansa da na ƙaiminsa da abin yankan farce ko a goge da zarto, tsinin kaɗai, don in an zurfafa akwai jijiya, jini zai zuba. In bayanta ya riga ya buɗe, a raba su sam, a wanke raunin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a sa maganin rauni irin na dabbobi, kada a mayar da ita sai fata ta rufe. Masu kiwo a waɗansu ƙasashe suna ɗinka wa kaza 'yar riga ta yadi mai kauri, kamar sirdi, da igiya biyu da ke ratsa ƙarƙashin fikafikai, ta rufe gadon baya. Kowane tela na bakin kasuwa zai iya ɗinka ta da ƙyallen da ya rage, sai dai a riƙa cirewa ana dubawa, don a ƙasa mai zafi irin tamu ƙuma da ƙwarƙwata suna samun maɓoya a ƙarƙashi.

Amma ƙarin kaji yana da nasa haɗari, kuma nan ne da yawa suke hasarar abin da ke hannu wajen neman na daji. Annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta wajen 1926, ita ce babbar mai share akurki a ƙasar Hausa, kuma ta fi ƙarfi da hunturu. Kowa ya san alamunta: kaza ta yi tsuru fikafikai a sake, tana numfashi da baki, kashinta kore ko fari-fari, daga baya wuya ya murɗe. In ta shiga unguwa sai masu kaji su kwashi nasu su nufi kasuwa kafin su mutu, shi ya sa kaza mai araha da hunturu abar tsoro ce. 'Yan kasuwa sun san hukuncin ɓoye aibin haja, ba sai na faɗa ba. Mai saye dai ya fifita gidan da ya sani a kan kasuwa, in kuwa ya sayo, ya ware baƙuwar mako 2 nesa da nasa kafin ya gama su, ya kuma gama su da dare a makwanci, don faɗan safiya ya yi sauƙi. Ciwon nan ba shi da magani in ya kama. Kafso ja-da-rawaya da ake fasawa a ruwa, da barkono, da ɓawon maɗaci, ba su kashe ƙwayarsa. Abin da ke aiki rigakafi ne, kuma ana yinsa a ƙasar nan, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Akwai nau'in da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ana ɗiga shi a idon kaza ɗigo ɗaya, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Lafiyayyu ake yi wa, tun kafin iska ta juya. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, in an haɗa ta kuwa ba ta kwana, saboda haka mai kaza 2 ko 3 ba zai saye ta shi kaɗai ba, sai unguwa ta haɗu, ko makaranta da gidajen da ke kewaye da ita, a kira ma'aikacin dabbobi rana ɗaya a gama. In kuwa kaji suka fara faɗuwa farat ɗaya, fuska a kumbure, kada a yanka a ci, a sanar da hukuma, don murar tsuntsaye da ta ɓulla a Najeriya a 2006, ta kuma dawo Kano a 2015, tana iya kama mutum.

Wani zai ce, ai sai in sake su kawai kamar dā, zakara ya je ya sami kajin unguwa. In gidanka yana tsakiyar gari nesa da shuka, wannan ita ce hanya mafi sauƙi, a sake su da la'asar su dawo da almuru. Amma wanda ke bakin fadama ya san abin da ke biyo baya. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya kawo hukuncin cewa ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan masu su, ta rana kuwa ba ta kansu, don tsaron gona da rana na mai gona ne. Amma game da abin da ba a iya tsare gona daga gare shi, kamar tattabaru da ƙudan zuma da kaji, malaman mazhaba sun saɓa. Asbagu ya ba su hukuncin sauran dabbobi, ya ce masu shuka su tsare shukarsu, Muɗarrifu kuwa ya tafi a kan a hana mutum ajiye abin da ke cutar da shukar jama'a. A ƙasar da bedin tumatir da na albasa ke jikin katanga, kaza guda tana iya tone renon da mutum ya yi mako 3 yana shayarwa cikin sa'a ɗaya, ni maganar Muɗarrifu ta fi kwanta mini. Ko da ba a kai gaban alƙali ba ma, irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda ake ganinsa ja ko shuɗi, da ruwan da ya kwanta a kwali bayan feshi, sun isa su yanke shari'ar. Kazar da ta mutu ta haka ba a cinta, ba a kuma jefa wa kare.

Akwai sauran magana kan haɗa iri. Ɗan zakara ƙarami da babbar kaza, irin kazar Fulani mai dogayen ƙafafu, sukan haihu, sai dai wani lokaci ba ya isa yadda ya kamata, ƙwai da yawa su fito ba iri, 'ya'yan kuma su tsaya tsaka-tsaki a jiki, abin da mai kiwo don kasuwar salla ba ya so. Akasin haka ya fi muni. Zakarun Noiler da suka yawaita a gidaje yanzu suna kai kilo 3, in aka sa ɗaya da 'yar kazar Hausa mai kilo 1 ita kaɗai, ana iya samun ta a gurguje. Wanda kuma ya sayi macen Noiler, ko ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar, ya sani za su ba shi ƙwai fiye da kazar Hausa nesa, amma ba safai suke kwanci ba, sai ya nemi kazar Hausa ta kwanta masa. Sa'an nan mai farawa da zakara ɗaya da kaza ɗaya ya tuna cewa duk garkensa na baɗi 'yan ɗaki ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In aka bar su suna bin juna shekara da shekaru, ƙyanƙyasa takan ragu, 'yan tsaki su dinga fitowa raunana. Maganinsa a sake zakara kowace shekara, a yi musaya da na wani gari, na Madobi ya karɓo daga Kafin Agur ko Kwankwaso ko Gora, wanda ya fi shekara ɗaya, mai jan tukku, mai kiran kaji ga tsaba.

Kaza guda ba zakara ma ba ta zama banza ba. In ta fara kwanci a kan ƙwanta mara iri, sai a saye ko a roƙi ƙwai 8 ko 10 a gidan da ke da zakara, waɗanda ba su wuce mako ɗaya da zubawa ba, ba su kuma sha zafi ba, a musanya mata da dare. Ba ta tambayar na wane ne. Haka iyayenmu mata suka saba yi da ƙwan zabi da damina, don zabuwa ba ta da haƙurin reno, sai dai shi kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, na agwagwa kuwa 35, sai a lura da kazar kada ta rame a kai, a ajiye mata ruwa da tsaba kusa.

Wanda kuwa ransa ya kafe a kan miji da mata, tsuntsu biyu ba ƙari, to akwai wanda aka halitta a kan haka, shi ne tattabara. Namiji ɗaya mace ɗaya suke zama, ta yi ƙwai 2, su riƙa karɓeɓeniyar kwanci, shi da rana ita da dare, kwana 17 ko 18 su ƙyanƙyashe, su ciyar da 'ya'yan tare, cikin wata guda 'yan shila sun isa kasuwa. Tsohuwar tukunya ko garwa a rataye a ƙarƙashin inuwa, inda muzuru ba ya kaiwa, ta ishe su ɗaki.